Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Mu Yashe Sokawe Kafin Damina

A duk shekara, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama a Kaduna, akwai wani kuka da muke ji daga bakin masu gidaje da 'yan haya a unguwanni irin su Kawo, Unguwan Dosa, Badarawa, Hayin Banki, Unguwan Shanu da Abakwa. Wannan ya ce masansa ya ƙi wucewa, wancan ya ce wari ya hana iyalinsa zaman tsakar gida, wata kuma ta ce ruwan rijiyarsu ya sake launi har ba ya kumfa da sabulu. In an bi diddigi, sau da yawa a wuri ɗaya maganar take ƙarewa, wato ramin nan da ke bayan gida wanda muka rufe da kankare muka manta da shi, wanda kowa ke kira sokawe.

Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa masu karatu a kai shi ne, sokawe yana cika kamar yadda randa take cika. Yana da lokacin dubawa, yana da lokacin yasa. Wanda ya jira sai ya ga ƙazanta ta yi ambaliya a tsakar gida ya makara, domin tun kafin ido ya gani, ƙasa ta riga ta kai saƙon cikin rijiya.

KOWANE GIDA DA NASA NAUYIN

Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a shekarar 1917, garin yake ta faɗaɗa, amma har yau ba shi da babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe ƙazantar gidaje gaba ɗaya zuwa wurin tacewa, irin wanda wasu sassan Abuja suke da shi, mai zuwa matatar Wupa. Dattawanmu suna tune da zamanin masan bokiti, lokacin da ma'aikata suke bin bayan gidaje da dare suna kwashewa. Da wannan ya wuce, sai aka koma ga salga, daga baya kuma masan ruwa ya yawaita. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da ya fita daga masan gidanka yana nan cikin feginka, 'yan taku kaɗan daga inda kake kwana, kuma kai ne hukumar da ke lura da shi.

A ɗaya gefen, ruwan famfo daga matatar Malali ba ya kai wa kowane gida a kowane lokaci. Saboda haka gidaje da yawa sun dogara ga rijiyar tsakar gida, ko rijiyar burtsatse, ko 'yan garuwa waɗanda su ma daga rijiyar wani suke ɗebowa. Ga rami muna zuba ƙazanta, ga wani ramin muna ɗiban ruwan sha, duka a ƙasa ɗaya. Nan ne hatsarin yake.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Ko da yake bakinmu ya saba da kiran komai sokawe, ginin da aka yi bisa ƙa'ida abu biyu ne. Na farko shi ne tanki, wanda aka gina da bulo, aka shafe cikinsa da siminti, ƙasa da gefe, yadda ruwa ba zai yoyo ba. Yawanci ana raba shi ɗaki biyu, na farkon ya ninka na biyun girma. Na biyu shi ne ramin tsotsewa, wanda shi ne ainihin sokawe. Shi ba a shafe shi, ana barin ƙofofi tsakanin bulo ko a cika shi da duwatsu domin ruwa ya riƙa shiga ƙasa a hankali.

Idan an kora masai, ƙazantar tana shiga tanki ta zauna aƙalla kwana ɗaya. Mai nauyi ya nutse ƙasa ya zama laka. Mai da kitse da kumfa su taso sama su yi ɓawo. Ruwan da ke tsakanin su biyun shi ne yake bin bututu ya wuce zuwa ramin tsotsewa. A cikin lakar nan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda suke rayuwa ba tare da iska ba, suna cin ƙazantar suna rage yawanta. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya fara gina irin wannan tanki a gidansa wajen shekarar 1860, ya kuma yi masa rajista a 1881.

To amma ƙwayoyin nan ba sa cinye komai. Kullum akwai saura, kuma saurar tana taruwa. Idan laka ta yi yawa, wurin da ruwa zai zauna ya lafa sai ya ragu, sai lakar ta fara bin bututu tana shiga ramin tsotsewa, ta toshe ƙofofin ƙasa kamar yadda dusa take toshe rariya. Da zarar haka ta faru, ko an kira mota ta zuƙe, bayan 'yan makonni sai ramin ya sake cika, domin ƙasar ta daina sha. Daga nan sai haƙa sabon rami, wanda kuɗinsa ya ninka na yasa sau da yawa. Har ila yau mu sani, ruwan da ke fita daga tanki, ko da ya yi haske a ido, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasa ce take tace shi, ita ma sai in an ba ta nisa da lokaci.

Akwai gidaje da yawa da birkila ya yi musu rami ɗaya tak, aka haɗa masa bututun masai, aka ce an yi sokawe. Irin wannan salga ce kawai da aka sa wa ruwa. Mai irin wannan rami ya fi kowa bukatar sa ido.

YAUSHE ZA A YASHE?

Masana sun ƙiyasta cewa kowane mutum yana barin lakar da ta kai lita 25 zuwa 40 a tanki a shekara, gwargwadon ko ruwan masai kaɗai ke shiga, ko har da na wanka da wanke-wanke. Bari mu yi lissafi da lita 40. A ce tankinka yana da tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita ɗaya da rabi. Wannan yana cin lita 3,000. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a yashe idan laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin, wato lita 1,000. Gida mai mutum 6 zai tara lita 240 a shekara, ke nan yana da kamar shekara 4. Wannan ya yi daidai da shawarar da hukumar kare muhalli ta Amurka take ba masu gidaje a can, ta a yashe duk bayan shekara 3 zuwa 5.

Amma gidajenmu nawa ne suke da mutum 6? Gidan haya mai ɗaki 8 a Unguwan Shanu ko Kawo yana iya ɗaukar mutum 20 ko fiye, ban da baƙi daga ƙauye. Mutum 20 za su tara lita 800 a shekara. Tankin nan dai da ya yi wa wancan gida shekara 4, wannan gidan shekara ɗaya da 'yan watanni zai yi musu. Sau da yawa kuma mai gida yakan ƙara ɗakuna a bayan fegi, amma bai taɓa tunanin ƙara girman tanki ba.

Hanyar sanin gaskiya mai sauƙi ce, ba ta bukatar injiniya. Sau ɗaya a shekara a buɗe ƙaramin murfin tanki, a ja da baya a bar shi ya sha iska. A sami doguwar gora, a naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita ɗaya, a ɗaure tam. A zura ta a hankali har ta taɓa ƙasan tankin, a bar ta 'yan mintoci, sa'an nan a zaro. Inda baƙar laka ta tsaya a jikin tsumman shi ne zurfinta, inda jiƙa ta tsaya a jikin gorar shi ne zurfin ruwan. In laka ta kai kashi ɗaya cikin uku, a fara neman mota. In ta kai rabi, kada a sake mako. Mai yin wannan aiki ya sa safar hannu, ya ƙone tsumman ko ya binne shi, ya wanke hannu da sabulu.

Akwai kuma alamun da gida da kansa yake nunawa: masai yana jinkirin wucewa ko yana ƙara kamar mai kurkure baki, wari yana tashi da yamma, ƙasar da ke kewaye da ramin tana jiƙe ko da rani, ciyawa ta yi kore shar a wurin alhali ko'ina ya bushe, kyankyasai da sauro sun yawaita. Duk wanda ya ga waɗannan, ya san lokaci ya riga ya ƙure.

Lokacin da ya fi dacewa da yasa a Kaduna shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya sauka sosai. A lokacin ƙasa ta bushe, hanya tana da kyau mota za ta iya shiga lungu, kuma tankin zai shiga damina da sarari. A watan Agusta da Satumba ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa, kowa ya san yadda igiyar guga take gajarcewa a lokacin. In aka zuƙe rami ƙaf alhali ƙasar da ke kewaye da shi ta sha ruwa, bangon yana iya ruftawa ciki, ko kuma ruwan ƙasa ya sake cika shi a 'yan kwanaki, kuɗi ya tafi a banza. Mazauna kusa da kogi, irin su Rafin Guza, ƙasan Unguwan Rimi da Titin Kigo, waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012, sun san cewa in kogi ya shigo gida, abin da ke cikin ramuka shi ma fitowa yake yi.

RIJIYARKA DA RAMIN MAƘWABCINKA

A shekarar 1854 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi, ya ga yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha a titin Broad. Ya sa aka cire hannun famfon. Wani matashin limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, da farko bai yarda da maganar likitan ba, sai ya shiga gida-gida yana tambaya da kansa. Shi ne ya gano cewa an wanke tsumman wata jaririya mai gudawa, aka zuba ruwan a ramin ƙazanta na wani gida. Da aka tona, sai aka tarar ramin yana yoyo, kuma tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba.

Abin da ya faru a Landan bai yi mana nisa ba. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,600 kuma suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa. Ban da kwalara, ta wannan hanya ce zazzaɓin taifot, atuni, wani nau'in ciwon shawara da tsutsar ciki suke shiga gida. Yara ƙanana ne suke fara biyan bashin.

Shawarar masana lafiya ita ce a bar tazarar mita 30, wato ƙafa 100, tsakanin ramin tsotsewa da rijiya, in ya gagara kada ta gaza mita 15, wato ƙafa 50. Rijiya ta kasance ta wajen tudu, rami ta wajen gangare, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. To, fegin da yawancinmu muke da shi ƙafa 50 ne a 100. Ko ka kai ramin ƙarshen feginka domin ka nisanta shi da rijiyarka, wataƙila ka kai shi gindin rijiyar maƙwabcinka ta bayan katanga. Shi ya sa wannan magana ba ta gida ɗaya ba ce. Kafin a haƙa sabon rami ko sabuwar rijiya, a leƙa gidan maƙwabci a yi shawara. Wanda zai yi sabon gini kuma, ya tabbata an nuna wurin tanki da rami a zanen da zai kai wa hukumar KASUPDA.

Inda an riga an yi gini kuma tazarar ba ta kai ba, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi, a ajiye guga ɗaya mai tsabta a rataye. Ruwan sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira ba idan ba a toshe kewayen bututunta da siminti daga sama ba.

ABUBUWAN DA KE KASHE TANKI

Akwai al'adar zuba kananzir, baƙin mai, gishiri, ruwan batir ko kabayid a masai, wai don ƙazanta ta narke ko ta ja ƙasa. Waɗannan ba sa rage laka ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne kashe ƙwayoyin da ke yi mana aiki kyauta, sa'an nan gubarsu ta bi ƙasa zuwa rijiya. Kananzir da kabayid kuma suna iya haddasa gobara. Maganin wanke masai irin su Izal, kaɗan ya isa, kada a tuttula.

Leda, tsumma, audugar mata, ƙunzugun jarirai na zamani, totuwar masara da takarda mai kauri ba sa ruɓewa da wuri. Suna cika tanki, suna toshe bututu, suna kuma toshe tiyon motar da za ta zo zuƙa. A ajiye ƙaramin bokiti mai murfi a makewayi domin irin waɗannan. Man girki da ruwan wanke tukwane kada su shiga tanki, haka ma ruwan indararo. Ruwan sama na dare ɗaya daga rufin kwano ya isa ya dama lakar ya tura ta cikin ramin tsotsewa.

Kada a shuka mangwaro, darbejiya ko wani babban itace kusa, domin saiwa tana bin danshi ta fasa bango. Kada a ajiye mota a kan murfin, kada kuma a gina ɗaki ko kicin a kansa. Iskar da ke ciki tana cin kankare da rodi daga ƙasa, ta yadda murfin zai yi kyau a ido alhali ya rube. In an ga tsaga ko rodi ya fito ya yi tsatsa, a hana yara wasa a wurin, a kira birkila. Bututun fitar da iska ya zarce rufin ɗaki, a ɗaure bakinsa da ragar sauro.

RANAR YASA

A nemi masu motar zuƙa, a tambaye su tun kafin a yi ciniki inda za su kai kayan. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin in aka juye a kwata ko a rafi, kogin Kaduna za shi, inda ake ban ruwan latas, alayyafo da tumatir ɗin da muke saye a kasuwa. Hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, ita ce ke da alhakin wannan fanni, ana iya neman bayani a wurinta. Manomin da yake son lakar don taki, sai ya bar ta a rufe a rami shekara ɗaya zuwa biyu kafin ƙwan tsutsar ciki ya mutu.

Mai gida ya tsaya a wurin. A buɗe babban murfi, a zuƙe ɗakunan biyu, a tabbata an dama lakar an kwashe ta. Araha ba ta ado: wanda ya zuƙe ruwan sama kawai ya bar laka bai yi maka komai ba. Bayan an gama kada a wanke tankin da magani, ɗan abin da ya rage shi zai zama irin da aikin zai ci gaba da shi. A duba bango da bakin bututu, a gyara tsaga, a mayar da murfi a liƙe, a rubuta ranar a littafi ko a jikin bango.

Abu mafi girma, kada kowa ya shiga cikin tanki. Akwai iska iri biyu a ciki. Ɗaya tana kama wuta, saboda haka ba a kusantar wurin da ashana, fitilar ƙwai ko taba. Ɗayar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ce, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Yawancin lokaci ba mutum ɗaya take kashewa ba, domin ɗan'uwansa yakan faɗa ciki ya cece shi, shi ma ya tsaya can. In wani ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana, a buɗe duk murafen, kada a bi shi.

A lungunan da mota ba ta shiga, masu yasa da hannu ne suke rufa mana asiri. Mutane ne masu iyali kamar mu, kuma aikin da suke yi ya fi ƙarfin yawancinmu. Wanda ya ɗauke su aiki ya bar ramin a buɗe ya sha iska sosai, ya sa su yi amfani da guga da dogon sanda daga sama, ya tanadar musu takalmin roba, safar hannu, ruwa da sabulu, ya kuma biya su haƙƙinsu ba tare da wulaƙanci ba.

WA ZAI BIYA?

Yawancin ramukan da suke ambaliya a gidajen haya, gardamar kuɗi ce ta kai su haka. Mai gida ya ce 'yan haya ne suka cika, 'yan haya su ce ai suna biyan haya. Maganin wannan shi ne a rubuta tun ranar shiga gida wanda zai ɗauki nauyin yasa. In na kowa ne, a riƙa tara ɗan abu kowane wata kamar adashi a hannun mutum ɗaya amintacce, yadda ranar da gora ta nuna lokaci ya yi, kuɗin yana nan.

Haka nan dattawan ikilisiya da kwamitocin gini su tuna da makewayin majami'a, na makaranta da na gidan fasto. Wurin da ɗaruruwan mutane suke amfani da shi ranar Lahadi, ga tarurrukan zumuntar mata da na matasa inda ake kwana, ga 'yan makaranta duk mako, ba za a auna shi da ma'aunin gida ɗaya ba. A sa kuɗin yasa cikin kasafin shekara, a kuma ba mutum ɗaya aikin dubawa, musamman kafin babban taro.

Muna roƙon kowane mai gida ya zagaya bayan gidansa a wannan makon, ya nemi inda murfin tankinsa yake, ya tuna shekarar da aka yashe shi na ƙarshe, ya auna taku nawa ne daga ramin zuwa rijiya mafi kusa, tasa ko ta maƙwabci. In bai iya tuna shekarar ba, to gora da farin tsumma za su gaya masa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.